Masai a Ɗakin Baffa

Da sunan Allah nake ɗora alƙalami, kuma ina neman afuwar mai karatu tun daga farko, domin maganar da zan yi ba irin wadda ake yi ana cin tuwo ba ce. Na daɗe ina juya ta a raina. Tsufa ya koya mini cewa abin da mutum ya ƙi faɗa saboda ƙyama, shi ne yake hana shi sakewa, don haka bari in faɗa in huta.

A gidan da aka haife ni na tsufa, a nan Limawa cikin Dutse, kuma ɗakin da mahaifina ya rasu a ciki shi na gada. Mu 'ya'yansa Baffa muke ce masa. Ɗakin soro ne na ƙasa, rufin azara, kaurin bangonsa ya kai kamu biyu, ta yadda ko a tsakiyar bazara in ka shiga sai ka ji kamar an yayyafa maka ruwan randa. A bangon arewa akwai alkuki, wato ɗan gurbin nan da ake fafewa a jikin bango don ajiye fitila. Baffa bai taɓa sa fitila a ciki ba, gafakarsa yake ajiyewa. Abin da ke cikin gafakar ba littafin da ake samu a kasuwa ba ne. Rubutun hannunsa ne da ajami, warƙa a kan warƙa: sunayen kakanninmu tun daga wanda ya fara tasowa daga wajen Ringim, watan da aka haifi kowannenmu, magungunan da ya gwada ya ga amfaninsu, addu'o'i, da wasu baitoci na wa'azi da ya tsara bai taɓa rera wa kowa ba. Da tawadar allo ya rubuta yawancinsu, wadda ake dafawa da gawayi da ƙaro, irin wadda ruwa ke ɗauka. Babu kwafinsu a ko'ina, kuma duk gidan nan ni kaɗai na rage mai iya karanta hannunsa. Shekara da shekaru ina cewa zan zauna in kwafe su. Kullum sai in ce bayan damina.

Sa'ad da muke tasowa, gida abu ne da ake kula da shi kamar dabba mai rai. Da an ga hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai Baffa ya zagaya bango yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, yana saurare. Inda ya ji ƙarar ta yi holoƙo sai ya yi alama da gawayi. Washegari a haƙo jar ƙasa, a zuba ruwa da yankakkiyar ciyawa, mu shiga da ƙafa muna cuɗawa har ta yi danƙo, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. Har yau ina jin ƙarar curin ƙasa in an cilla wa wanda ke kan tsani ya cafe, da ƙarar tafin hannu a jikin bango, tas, tas, tun hantsi har azahar. A ƙarshe a shafe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, gidan ya ɗauki wani ƙamshi mai ɗaci-ɗaci da ban sake jin irinsa ba. Ƙasan ɗaki kuwa aikin mata ne. Inna, mahaifiyarmu, takan gayyato maƙwabta, su jeru a durƙushe kowace da madaɓinta, suna bugu tare suna amshi, har daɓen ya yi sulɓi yana ɗaukar ido. Yanzu wa ke sauraren bango? Sai dai a kira mota ta juye bulo a ƙofar gida, a yi wata guda ana ƙura da hayaniya, a tashi da ɗaki mai zafi kamar tanda.

Makewayi kuwa yana can ƙarshen gida, bayan turken awaki. Mai zuwa zai ɗauki butarsa ya bi ta gefe, ba ya kallon kowa, kowa ma ba ya kallonsa, ya yi gyaran murya a bakin ƙofa kafin ya shiga. Kowace safiya Inna takan kwashe tokar murhu ta zuba a ramin, ta mayar da murfi. Wurin wanka daban yake, da faffaɗan dutsen da aka gangaro da shi daga duwatsun garin nan, ruwan yana bin kwata ya fice. Ban taɓa jin warin wurin nan ya ƙetare turken awaki ba.

A kan wannan ne na sha karatun da ya fi zauna mini. Lokacin da aurena ya matso, Baffa ya yanka mini sashe a gidan, ya ce in haƙa salgata da kaina. Na tara abokaina, muka yi kwana biyu muna haƙa. Don kada amarya ta sha tafiya, sai na sa ramin dab da sabon ɗakina. Muka jera itace, muka rufe, muka fitar da baki da matakai. Bayan la'asar Baffa ya zo ya tsaya, hannuwansa a baya, yana duban ramin. Can ya ce, "Hau ka tsuguna in gani." A gaban abokaina fa. Na hau na tsuguna, kunya kamar in nutse.

"Ina kake kallo?"

Na ɗaga kai. Na ce, "Gabas, Baffa."

"In an kira salla kuma ina za ka kalla?"

Na sauko. Ya juya ya taka daga bakin ramin zuwa bangon ɗakin yana ƙirgawa a fili, ya tsaya a shida. Ya ce, "Bangon nan naka ƙasa ne, ramin nan ma ƙasa ne. Kana tsammani ba za su gaisa ba? Cike shi." Kwana uku na yi ina mayar da ƙasar da na yi kwana biyu ina fitarwa, ni kaɗai, domin abokan sun gudu. Har muka yi furfura akwai masu ce mini mai ramin gabas.

To, wanda ya tashi a haka, yaya zai ji in ya shiga gidajen da ake ginawa yanzu a bayan sakatariya? Gado a nan, masai a nan, ƙyaure ɗaya siriri a tsakani. Mutum yana ciki, matarsa tana zaune a bakin gado tana jin komai. Na ga inda ake cin abinci ƙofar a buɗe. Na ga mai shiga da wayar da ya gama karanta Alƙur'ani a cikinta, ya yi rabin sa'a a zaune, ya fito da silifa a jiƙe ya taka inda zai shimfiɗa darduma. Su a wurinsu wannan shi ne ci gaba, har in za a ba da hayar ɗaki shi ake fara faɗa. Na sha cewa a raina, Allah ya kashe ni ban kwana da masai ba.

Sai gwiwoyina suka gaza. Wata rana an ɗauke ruwan sama da yamma, na nufi makewayi da buta da sanda, santsi ya kwashe ni a gaban turke. Na yi kwance cikin taɓo da kashin awaki har sai da Hajiya, uwar 'ya'yana, ta kira maƙwabta suka ɗaga ni. Ranar Asabar sai ga Auta, ƙaramin ɗana, wanda ke aikin ofis, magidanci da 'ya'ya uku. Yaro ne mai jinƙai, ba zan ɓoye wannan ba. Amma tun da aka haife shi hannunsa bai taɓa riƙe cokalin gini ba.

Ya ce, "Baba, wannan tafiyar ta ƙare. Zan fitar maka da ban ɗaki a cikin ɗakinka, in gyara ɗakin gaba ɗaya. Da hannuna zan yi, ba na son magina su zo su yi wata uku suna yi mana yawo da hankali."

Na ce, "A ina ka koyi gini?"

Ya zaro waya. "Ai yanzu komai yana nan. Na kalli wani ya yi shi tun daga tushe har fenti, ko rabin sa'a bai kai ba."

"Shi mutumin, bangonsa na ƙasa ne?"

"Baba, bango ai bango ne."

Hajiya tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, ka bar yaro ya samu ladanka. In ka sake faɗuwa ni dai ba zan iya ɗaga ka ba, na gaya maka. Kuma wankin rigar nan ta ranar, ni na yi shi, ba kai ba."

Haka na amince. Gwiwa ta fi ni baki.

Na kwashe shimfiɗata da gafakar Baffa na koma zaure. Kowace Asabar da Lahadi Auta zai zo da tsohon wando, ya jingina waya a jikin taga, ya kalla, ya tsayar, ya yi, ya sake kalla. Ya fara da daɓen Inna. Ina zaune ina ganin ana fitowa da shi gutsi-gutsi a baro, ana juyewa a bola tare da ledoji. Ya yanki kusurwar ɗakin ta arewa maso yamma da bulo. Ya shafe bangon da siminti ciki da waje, tun daga ƙasa har sama. Na ce masa bangon ƙasa yana shan raɓa yana fitarwa, in ka rufe shi ta ko'ina kamar ka sa wa mutum rigar leda ne a bazara. Ya yi dariya ya ce, "Baba ke nan, wai bango yana gumi." Ya haƙa rami a bayan ɗakin, ya kafa masai irin na zama, fari fat kamar kwanon sha, ya kira ni in zo in sa albarka.

Na shiga da sandata na zauna a kai don in gwada tsayinsa. Ina ɗaga kai na gane inda nake fuskanta.

"Auta, ina nake kallo?"

Ya duba hagu, ya duba dama. "Ƙofa, Baba."

"Bayan ƙofar fa?"

Ya sosa ƙeya. "Gabas ne. Amma Baba, ai malamai sun ce in a cikin gini ne babu laifi, a fili ne aka hana."

"Na karanta wannan tun ba a san za a haife ka ba. A gidan nan ba a yi. Ko ka juya shi, ko in ci gaba da faɗuwa a gaban awaki."

Ya juya shi, yana gumi yana ƙunƙuni, ya sa ya kalli kudu. Sai dai bututun da dā ya fita kai tsaye ta bangon yamma zuwa rami, yanzu dole ya bi ta gindin bangon arewa ya karya kwana. Tsawonsa bai kai ba. Da idona na ga Auta ya kawo wani guntu, ya gasa bakinsa a kan gawayin Hajiya har ya yi laushi, ya cusa ɗaya cikin ɗaya, ya naɗe mahaɗar da robar tayar babur. Na ce, "Wannan zai riƙe?" Ya ce, "Har jikokinka." Ya tura shi cikin bangon, ya bi da siminti. Ni kuwa ina can ina jin daɗin na ci nasara a kan alƙibla. Rabin karatun Baffa na tuna, rabin da ya taka da ƙafarsa yana ƙirgawa ya fice mini sam. A nan ko taku ɗaya babu. Ƙazantar a cikin cikin bangon take tafiya, kamu uku a ƙarƙashin alkuki.

Da aka gama, ɗakin ya yi kyau irin na asibiti. Farin tayil a ƙasa, shuɗin fenti a bango, har alkukin Auta ya yi masa ɗan ƙyauren gilashi, ya ɗauko gafakar da hannu biyu ya mayar, ya ce yanzu ko ƙura ba za ta taɓa kayan kakansa ba. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo suna sa masa albarka. Ba zan yi ƙarya ba, gwiwoyina sun huta. Amma raina bai taɓa kwanciya ba. Ina cikin sujada sai in ji tankin yana ƙugi a bayana kamar cikin da ya ɓaci. In an kawo mini abinci sai in juya wa ƙyauren baya, duk da haka loma ba ta wucewa da daɗi. Ranar da famfo ya ɗauke kuwa, sai abin ya zauna a cikin farin kwanon yana jiran bokiti, a ɗakin da Baffa ya yi kalmar shahada.

Warin ya fara ne kaɗan-kaɗan, bayan wata huɗu ko biyar. Hajiya ta ce ɓera ne ya mutu a rufi. Aka duba, babu. Ta riƙa turara ɗakin safe da yamma. Auta ya kawo wani turaren fesawa mai ƙamshin lemo, wanda bai kori komai ba, sai dai ya haɗu da warin suka zama abu ɗaya, har yau in aka ɓare lemo kusa da ni zuciyata tashi take yi. Fentin gindin bangon arewa ya fara kumbura kamar ƙuna. Wasu 'yan ƙananan ƙudaje masu gashi suka cika ɗakin, kyankyasai suna fitowa da rana tsaka ba kunya. Wani tsohon abokin karatuna ya zo daga Buji don ya duba ni. Ya zauna, muka gaisa, ya ɗan motsa hanci, ya ce, "Malam, ko mu koma zaure? Ya fi iska." Mutumin da muka yi shekara hamsin muna hira a ɗakin nan. Na ji kamar a jikina ya shinshino abin.

Washegari bayan na idar da walaha, na matsa na ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa. Holoƙo. Na danna da kan sanda, sai wani falle na siminti mai faɗin faifai ya ɓalle ya faɗo a kan tayil. Abin da ke bayansa ba bango ba ne kuma. Baƙin taɓo ne yana naso, yana motsi da tsutsa, warin ya bugo ni har na dafe gado. Simintin ya hana danshin fita ciki, ya hana shi fita waje, sai ya yi ta hawa sama. Na bi sawun jiƙar da ido har zuwa gindin gilashin nan. Na buɗe. Gafakar ta yi funfuna kore, ta yi nauyi, da na ɗaga ta sai da gindinta ya ɗiga.

Aka kira Auta daga ofis. Ya shigo da rigar aiki, ya ga bangon, ya ga abin da ke gabana a kan tabarma a tsakar gida, ya yi salati ya durƙusa. Da ya fasa gindin bangon daga baya, mahaɗar nan ta daɗe da rabuwa, robar tana reto. Bai kare kansa ba, ni ma ban zage shi ba. Da wane baki? Ni na sa aka karya kwanar, ni na ga an naɗe da roba na ƙyale.

Warƙoƙin sama kaɗan ne suka tsira, na ware su gefe. Sauran sun manne da juna sun zama curi guda, launin ƙasa-ƙasa, tawadar ta narke ta bi cikin ƙazantar. Kowace warƙa kuwa Baffa da bisimilla yake buɗe ta, sunan Allah yana ko'ina a ciki. Auta ya ce, "Baba, mu shanya su. In sun bushe sai in ɗauki hotonsu, ko yaya ne wani abu zai fito." Muka gwada da warƙa biyu. Hoton bai nuna komai ba sai dabbare-dabbare. Na ce masa ko da zai fito, ba zan busar da najasa a kan sunan Allah in mayar cikin gafaka in ajiye ba. Hanya ɗaya ce, a wanke. Shi ma ya san abin da ruwa ke yi wa tawadar allo.

Na sa ya haƙa rami a gindin dabinon da ke bayan gida, inda ƙafa ba ta bi. Na ɗaure hancina da rawani, na zauna a kan kujera 'yar tsuguno da takarda da alƙalami a gefe. Ina ɓanɓaro warƙa ɗaya-ɗaya da bakin wuƙa. Wadda na iya tsinto layi ɗaya ko biyu a cikinta sai in kwafe, rabin addu'a, sunan wata saiwa ba tare da cutar da take yi wa magani ba, ƙarshen baiti babu farkonsa. Sannan in riƙe ta a bakin ramin, Auta ya tsiyaya ruwa daga buta har ta yi fari, mu sa ta a ciki. Hajiya tana ɗebo ruwa tana kawowa. Tun hantsi muke yi har inuwar dabinon ta juya.

Can wajen ƙasan curin na ɓanɓaro wata mai kauri, wadda na gane ta da jan zanen da Baffa ya kewaye gefenta da shi. Na kai ta kusa da ido, na kai ta nesa, na juya ta wajen rana. Babu harafi ɗaya da ya tsaya da ƙafarsa.

Auta ya ce, "Wannan fa, Baba, mene ne a ciki?"

Na ce, "Sunayen kakanninka."

"Ai ka haddace su ko?"

Na fara ƙirgawa a yatsa. Baffa, da mahaifinsa, da kakansa, da wanda ya haifi kakan. Daga nan na tsaya. Na san layi tara ne a warƙar, na sha ganinsu, ban taɓa zaton akwai ranar da zan nema a kaina ba.

Na ce, "Huɗu."

Ya tsaya da butar a hannu, ya kasa karkata ta. Ƙudaje suna sauka a kan takardar, suna sauka a kan yatsuna.

Na ce, "Zuba, Auta. Yi bisimilla ka zuba."